Gida a Jikin Dutse: Yadda Ake Tsara Cikinsa

Mahaifiyata kwana uku kacal ta yi a ɗakin da na fi kashe wa kuɗi a gidanmu na Ɗa'ifa. Ɗakin yana hawan can ƙasa, tagarsa na kallon kwari, da safe hazo mai laima kan taso har ya rufe itatuwan rumman na maƙwabta. Na sa masa gado mai faɗi da labule mai tsada. A rana ta huɗu, bayan sallar Asuba, na fito na same ta zaune a tsakiyar matakala, carbi a hannu, tana haki. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai ka ƙirga su kuwa? Ni dai na ƙirga. Talatin da huɗu ne daga ɗakina zuwa ƙofar waje. Ko ka mayar da ni Makka, ko ka ba ni falon nan na sama in shimfiɗa tabarmata." Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Kafin Azahar mun kwashe kujerun falon.

Mu Hausawan Hijaz ba baƙin dutse ba ne. Da yawanmu a unguwannin Makka muka tashi, inda gidaje ke hawa kan juna a jikin tsauni, yaro ya san adadin matakalar unguwarsu kafin ya san karatun sallah. Amma zama a gidan da ka gada daban, tsara sabo daban. Yanzu masu hali suna gini a Ɗa'ifa da Hada da Shafa, wasu har Baha da Abha, duk garuruwan kan tsauni, gidaje na zamani masu manyan gilasai, hawa uku ko huɗu suna bin gangare. A irin wannan gida gangaren ne ke yanke hukunci kafin kai: shi zai gaya maka inda ruwa zai bi, inda rana za ta shigo, da wanda zai iya kwana a wane hawa. Fenti da kujeru suna can ƙarshen layi. Ga yadda zan bi aikin in da yau zan sake shi.

Na farko: raba hawa bisa ƙafafun mutanen gida

Ka tsaya a titi ka dubi inda ƙofar shiga take. Gidan gangare iri biyu ne: wanda titi ke samansa, ka shiga sannan ka yi ta sauka, da wanda titi ke ƙasansa, ka shiga ka yi ta hawa. Ko wanne ne, hawan da ya yi daidai da titi shi ne mafi daraja a gidan, don shi kaɗai ake isa ba tare da an taka matakala ba. Kada ka ɓata shi.

Ɗauki takarda ka rubuta kowa da ke gidan da shekarunsa, sannan ka ƙara wa kowa shekara goma sha biyar. Kai ma ka sa kanka. Wanda gwiwarsa ba za ta ɗauki hawa da sauka ba a wannan lissafi, ɗakinsa yana hawan titi, da banɗaki a ciki, ƙofofinsa kuma faɗin santimita 90 don keken marasa lafiya ya wuce. A wannan hawan ne kuma majalisin maza zai zauna, da ƙofarsa daban, da banɗakinsa da wurin wanke hannu a bakinsa, yadda baƙo zai shigo ya ci ya sha ya fita bai ji muryar cikin gida ba. Zaure ke nan na kakanninmu, suna kawai ya sauya. In wuri ya isa, kicin ma ya zauna nan. Ka tuna buhun shinkafa da tukunyar gas da katan-katan ɗin ruwa, duk a kafaɗar wani za su shiga.

Matasa su ne na hawan da ya fi nisa. Falon iyali da ɗakunan ƙananan yara su zauna kusa da ɗakin uwargida. Ka kuma ware ɗaki ɗaya na baƙi, domin duk wanda ya yi gida a Ɗa'ifa ya san da zarar zafi ya kama Makka da Jidda dangi za su hauro, ban da 'yan'uwa daga Kano ko Damagaram da suka zo Umra suka ce bari su leƙo.

In kuɗin lifta bai samu ba yanzu, ka sa injiniya ya bar mata rami, kimanin mita ɗaya da rabi kowane ɓangare, a saitin juna tun daga sama har ƙasa. A rufe kowane hawa da abin da za a iya cirewa, ka mayar da shi sito. Namu har yau shinkafa da barguna ne a ciki, amma ramin yana nan.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa a nan: sutura. A fili shimfiɗaɗɗe katanga ta isa. A gangare kuwa maƙwabcin da ke samanka yana kallon tsakar gidanka da rufinka kamar faifai a tafin hannu. Ka hau titin da ke sama da filinka, ka tsaya daidai tsayin tagar maƙwabci, ka dubi abin da ake hangowa. Wurin shanya da wurin zaman mata a waje sai a sa su inda jikin gidan kansa ya kare su, ko a yi musu rumfa.

Na biyu: bangon da ya jingina da dutse

Nan zan daɗe, don nan na fi cin wuya.

Kowane gidan gangare yana da bango aƙalla ɗaya wanda bayansa ƙasa ce ko dutse. In an yi ruwan sama a saman tsauni, ruwan yana bin cikin ƙasa yana gangarowa har ya zo ya tsaya a bayan wannan bango. Ba ya sauri. Wata shida, shekara, sai ka ga fenti ya fara kumbura, wani farin gari kamar gishiri yana fitowa a ƙasan bango, ɗakin yana wani wari kamar tsohuwar rijiya. A gidanmu kafinta ya kafa sif tun daga ƙasa har silin a jikin irin wannan bango, ni kuma na yaba masa don ya yi kyau. Bayan damina ɗaya uwargida ta buɗe ɓangaren da take ajiye kayan da ba a cika sawa ba. Shaddoji da leshi da atamfofin da ta zo da su tun na aure, duk funfuna ta yi musu tabo baƙi-baƙi. Ta zaro su ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan gado, ba ta ce mini komai ba. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Maganin gaskiya daga waje yake, kuma lokacinsa kafin a mayar da ƙasa bayan bangon. A shafe bayan da abin hana ruwa, wanda masu aiki a nan ke kira azal, yawanci nadin kwalta ne da ake mannawa da wuta. A kare shi da wani abu don tsakuwa kada ta huda shi. A can gindin bangon a shimfiɗa bututu mai huji-huji, a lulluɓe shi da tsakuwa, a ba shi gangara ya fitar da ruwan gefe. Ranar da za a yi wannan aiki ka bar duk abin da kake yi ka je ka tsaya, ka ɗauki hoto. Da zarar an zuba ƙasa, ba mai sake ganinsa, kuma ɗan kwangilar da ke son rage kashe kuɗi ya san haka.

In gidan ka saya a gine, ko an riga an rufe, ga gwaji mai sauƙi. Yanko leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ka manna ta a bangon da salatif, ka rufe gefunan ruf. Ka bar ta kwana biyu. In ka ga ɗigon ruwa a tsakanin leda da bango, laimar daga cikin bangon take fitowa. In a saman ledar yake, ta ɓangaren ɗaki, to iskar ɗakin ce ke da danshi, wannan kuwa taga da fanka mai zuƙe iska za su magance shi. Na farkon shi ne mai wuya. Abin da ya yi mana aiki shi ne gina bango na biyu siriri a ciki, da tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakaninsa da na asali, da ƙananan ƙofofin iska a sama da ƙasa, da 'yar hanyar ruwa a gindi. Ka rasa ɗan faɗin ɗaki, amma ka huta.

Ko an yi duk wannan, ka tsara ɗakunan yadda gefen dutse zai zama na abin da ba ya tsoron danshi kuma ba ya bukatar taga: matakala, banɗaki, ɗakin wanki, siton kayan roba da na ƙarfe. Ɗakin kwana da falo su koma gefen da ke kallon sarari. Takardar ado ta bango, katakon ado, da allon jibis, wato farin allon da ake yin silin da shi, da aka manna kai tsaye, duk ka nisanta su da wannan bango. Suna ɓoye laima har sai ta yi ɓarna.

Sai ruwan da ka jawo da kanka. In titi yana saman gidanka, banɗakunan hawan ƙasa suna ƙasa da babban bututun ƙazanta na gari, kuma ƙazanta ba ta hawa tudu da kanta. Dole a yi mata rami da injin da zai tura ta sama, da abin da ke hana ta dawowa baya. Ka tambayi mai aikin famfo wannan tun kafin a zana wurin banɗaki, ka kuma sa ramin inda za a iya buɗe shi ba tare da an bi ta cikin falo ba. Ruwan sha kuma akasin haka yake yi. In tanki yana kan rufi, kowane mita 10 na tsawo yana ba da ƙarfin da ake kira bar ɗaya. Saboda haka shawar hawan ƙasa za ta yi ta feshi, ta hawan da ke dab da tanki kuwa sai ɗigo. A sa wa hawan sama dinamo ƙarami na ƙara ƙarfi. Kowane banɗaki kuma, bayan an yi masa azal, a toshe magudanarsa a cika shi da ruwa ya kwana biyu kafin a sa tayil, ka sauka hawan ƙasa ka duba silin.

Na uku: matakala

A gidan hawa uku mutum zai taka matakala sau ashirin a rana bai sani ba, don haka santimita ɗaya ma tana da muhimmanci. Tsayin kowane taki ya kasance tsakanin santimita 15 da 17, faɗin wurin aza ƙafa 28 zuwa 30. Magina suna da lissafi: ninka tsayin sau biyu ka haɗa da faɗin, ya ba ka tsakanin 60 da 65. Mafi muhimmanci, duka su zama daidai wa daida. Ƙafa tana haddace takin farko da na biyu, in na bakwai ya bambanta da santimita biyu, nan ake tuntuɓe. Yawanci takin farko da na ƙarshe ne ke lalacewa, don an auna kafin a sa tayil ɗin ƙasa. Ka bi su da abin awo da hannunka.

Faɗin matakala kada ya gaza santimita 120. Akwai ranar da za a sauko da gado, akwai kuma ranar da mutum biyu za su riƙo mara lafiya. A bar wurin hutawa bayan taki goma ko goma sha biyu. Ƙarfen dafawa a tsayin santimita 90, a ɓangarori biyu in akwai tsoho a gida, tazarar sandunansa kuma kada ta kai santimita 10, don kan yaro kada ya shiga.

Akwai yayin matakalar da ke rataye, babu komai tsakanin taki da taki, gefenta gilashi. A hoto tana da kyau, ban musa ba. A gidan da mata ke hawa da abaya da zane, yara na rarrafe, wani kuma yana zaune a ƙasa, ni ban ga dacewarta ba. Haka ma marmara mai sheƙi: ƙafar da ta fito daga alwala ta taka ta, sai dai Allah ya kiyaye. A zaɓi dutse ko tayil mai ɗan kaushi, a tsaga layi biyu a bakin kowane taki. A sa makunni sama da ƙasa, da ƙananan fitilu a jikin bango dab da taki, waɗanda za su kwana a kunne saboda mai fita Asuba.

Na huɗu: taga, rana da alƙibla

Dalilin gina gida a tsauni shi ne abin da ido zai gani, don haka kowa yana son bangon gilashi ta gefen kwari. Kafin ka yarda, ka san ina gefen yake kallo. In arewa ne, ka more. In yamma ne, daga La'asar zuwa Magariba falonka zai zama tanda, kafet da kujeru su koɗe cikin shekara biyu. A nan sai gilashi mai ruɓi biyu, da rumfa ko baranda a waje da za ta tare rana kafin ta taɓa gilashin, da labule hawa biyu, shara-shara na rana da mai kauri na dare. Ka tuna da daddare in fitila tana kunne, na waje yana ganinka tar, kai ba ka ganinsa.

Mutanen Hijaz sun daɗe da warware wannan. Ka je tsohuwar Jidda, unguwar Balad, ko ka dubi fadar Shubra a nan Ɗa'ifa, ka ga rawashin, tagogin katako masu saƙa da ke shigo da iska da haske su tare ido. Kafinta ko mai aikin alminiyom zai iya yi maka sauƙaƙƙen irinsa a tagogin da ke kallon maƙwabta. Aikin asabari ne yake yi, ba wani abu ba.

Taga ko baranda da ke kallon gangare, abin kariyarta ya kai santimita 110, kuma kada a yi shi da sandunan kwance da yaro zai taka kamar tsani. Kada a jingina kujera ko gado a ƙarƙashinta. Masu gini a Hada da Shafa kuma suna da wasu maƙwabtan: birai. Duk wanda ya bi hanyar Hada ya gan su zaune a bakin titi. Ragar sauro ba ta tare su. Tagar kicin da ta sito a sa musu ƙarfe ko raga mai ƙarfi, kwandon shara kuma ya zama mai murfin da ke kullewa.

Game da alƙibla, ɗan'uwan da ya zo daga gida yakan ruɗe. A ƙasar Hausa gabas ake fuskanta, har kalmar ta zama ɗaya da alƙibla a bakinmu. A Ɗa'ifa kuwa Makka tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa, a Abha kuma arewa maso yamma. Ka tabbatar da saitin tun ana shimfiɗa bututu, saboda a juya mazaunin banɗaki kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin a cikin gini, amma a wannan mataki juyawar ba ta cin ko riyal ɗaya, bayan an sa tayil kuwa sai an fasa. A falon iyali ka bar fili inda mutum huɗu ko biyar za su yi sahu ba tare da an ja kujera ba, kuma hanyar wucewa kada ta bi ta gabansu.

Na biyar: sanyi

Wanda ya tashi a Makka ba ya tunanin sanyi in yana gini. Ɗa'ifa tana kusan mita 1,900 sama da teku, Abha ta haura 2,200, kuma daren hunturu a nan yana sa mutum neman bargo biyu. Na'urar sanyaya ɗaki ka sayi mai yin zafi da sanyi. Tayil yana da sauƙin shara amma ƙanƙara ne a watan Janairu, saboda haka a yi lissafin kafet a ɗakunan kwana da majalisi. Iska mai ɗumi sama take tafiya, matakalar da ba ta da ƙofa kuwa bututun hayaƙi ce: hawan sama ya yi zafi, na ƙasa ya yi sanyi, kuɗin wuta ya tafi a banza. Ƙofa ɗaya a bakin matakala a kowane hawa tana gyara wannan, ta kuma rage hayaniya.

In kana son wurin hura wuta a majalisi, irin wanda Larabawa ke kira mashab, a yi masa hanyar hayaƙi ta gaske har sama da rufi. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa cikin barci ba tare da wari ba, jami'an kashe gobara na nan suna ta jan kunne a kai duk hunturu. A sa na'urar jin hayaƙi a kowane hawa, a barandar ciki, nesa kaɗan da inda ake turaren wuta don kada ta riƙa ihu kullum har a gaji a cire mata batir.

Na shida: kicin

Kicin buɗaɗɗe da ke haɗe da falo, wanda ake ce wa na Amurka, an yi shi ne don masu dafa shayi da soya ƙwai. Gidan da ake tuƙa tuwo, a soya manja, a jefa daddawa a miya, gobe a yi kabsa, shinkafa da nama irin ta Larabawa, ta mutum ashirin, yana bukatar kicin mai ƙofa. In hali ya yi, a yi biyu: babba a rufe na aikin gaske, da ƙarami a gefen falo na shayi da gahawa. In ɗaya za a yi, rufaffen za a zaɓa.

Tsayin teburin aiki santimita 90, zurfinsa 60, tsakanin ɓangare da ɓangare 120 don mutum biyu su gifta. Amma ka tambayi mai girkin kafin ka yanke. Babbar tukunya a kan murhu mai tsayin 90 ba ta tuƙuwa, sai kafaɗa ta gaji. A ware kusurwa ɗaya da murhun ƙasa mai tsayin kamar rabin mita, bangon bayansa duk tayil. Saman teburin a sa dutsen giranit, ana haƙo shi a ƙasar nan, yana jure tukunya mai zafi. Kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke a yi shi da alminiyom, katako ba ya daɗewa a nan. Mazuƙin hayaƙi, wanda ake kira shaffaɗ, ya fitar da iskarsa waje ta bututu, kuma ka duba kada bakin bututun ya faɗo daidai ƙarƙashin tagar ɗakin kwanan hawan sama.

Tukunyar gas ta zauna a waje, cikin akwati mai iska. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake bi, ya gangara matakala ya taru a hawan da ya fi zurfi. Saboda haka kada a taɓa ajiye tukunya, ko da wadda ake ganin ta ƙare ce, a ɗakin da ke cikin ƙasa.

Na bakwai: ado

Sai yanzu muka iso inda yawancin mutane ke farawa, kuma ba zan daɗe ba. Hawan ƙasa yana da ƙarancin haske, a ba shi fenti mai haske da tayil mai haske. Silin na jibis kada a sauke shi fiye da abin da zai ɓoye bututu da waya, musamman inda rufin bai kai mita 3 ba. Fitilun falo da ɗakin kwana su zama masu ɗumin launi, waɗanda aka rubuta 3000 a kwalinsu, na kicin kuma 4000. Farar fitila ƙal tana mayar da majalisi kamar ɗakin jiran asibiti.

Majalisin ƙasa ya fi kujeru ɗaukar mutane, amma ka sa kujera biyu masu tsayi saboda dattawan da in sun zauna ƙasa tashi ke musu wuya. Inda taga ke kallon kwari, bar bangon haka nan, kada ka yi gasa da abin da Allah ya zana. Bango ɗaya ya isa a yi wa ado. Mutanen Asir, yankin da Abha take, suna da zanen bango na mata da ake kira ƙaɗɗ, mai launuka masu ƙarfi, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2017, kuma duk Bahaushen da ya gan shi zai tuna zanen gidajen Zariya da Kano. Mu a namu majalisin dagi ɗaya muka sa aka fitar da jibis a bangon da ke fuskantar ƙofa, da tumtum huɗu na fata da aka kawo mana daga Sakkwato. Baƙi Larabawa ba su taɓa shiga ba su tambaya ba.

Na takwas: jerin aiki da kuɗi

Duk abin da ya shafi fasa bango, ƙara ɗaki ko taɓa ginshiƙi, sai da injiniya mai lasisi da izinin baladiyya, wato hukumar gari, wanda yanzu ta manhajar Balady ake nema. A gidan gangare wani bangon da kake gani kamar na raba ɗaki ne, shi ke riƙe da ƙasar da ke bayansa.

Jerin aikin shi ne: bututun ruwa da wayar wuta, gwajinsu, azal da gwajinsa, filasta, tayil, jibis, fenti, sannan kafinta. Kafin a yi filasta ka ɗauki hoton kowane bango da bututunsa da wayoyinsa, ranar da za a huda don rataye wani abu za ka gode wa kanka. A fara gamawa daga hawan da ya fi nisa da ƙofa a nufo waje, don kada leburori su riƙa bi da siminti ta kan abin da aka gama. Tayil ka sayi ƙarin kashi 10 cikin ɗari daga kwali iri ɗaya, ka adana ragowar. Kafin ka biya kuɗin kujera ko firiji, ka auna kwanar matakala. Mun taɓa mayar da kujera mai zaman mutum huɗu shago saboda ta ƙi juyawa a wurin hutawa na biyu.

A kowane farashi da aka ba ka, tambayi abu biyu: ko harajin saye na kashi 15, wato VAT, yana ciki, da ko ɗaukar kaya zuwa hawan da za a yi aikin yana ciki. A gangare dako kuɗi ne mai zaman kansa, kuma ba a faɗa maka sai mota ta sauke kaya a bakin titi. Ka ware kashi 10 zuwa 15 na kasafinka don abin da ba ka zata ba.

A rubuta cikin yarjejeniya cewa kason ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila sai bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi sau ɗaya. Ranar da aka yi shi, ka ɗauki tocila ka sauka hawan ƙasa. Ka shafa bangon gefen dutse da bayan hannunka tun daga gindi, ka duba kusurwoyin tagogi, ka fita ka ga ko bututun bayan bango yana zubar da ruwa. Ka sake dubawa bayan kwana uku, don wata laimar sai ruwan ya ɗauke take fitowa.